Roba da abinci mai zafi: amsoshin likita kan sinadarin BPA

Tambaya: Likita, ina ba ɗana madara a fidar roba, sai wata maƙwabciyata ta ce akwai guba a jikinta. Gaskiya ne? Daga wata mai shayarwa a Katsina.

Amsa: Allah ya raya shi, Malama. Maƙwabciyarki tana nufin sinadarin BPA, wanda ake haɗa wata roba mai tauri da shi, irin mai garau kamar gilashi. Idan ya shiga jiki yana kwaikwayon istirojin, sinadarin da ke tafiyar da al'ada da haihuwa, shi ya sa masana suka fi jin tsoronsa ga jarirai da masu juna biyu. Tarayyar Turai ta hana yin fida da shi a 2011, Amurka ta bi sahu a 2012, sai dai kasuwanninmu kaya na shigo musu daga ko'ina. Ki kifa fidar ki duba gindinta. In kin ga lamba 7 cikin alama mai kusurwa uku, ki sauya ta. Mai lamba 5 ta fi aminci, ta gilashi kuma ta fi duka. Ki dama madarar a kofin tangaran ko na ƙarfe, ta huce, sannan ki juye. Fidar da ta kakkarce ko ta yi hazo-hazo, yar da ita. Ina roƙonki kuma, in bai cika wata shida ba, nono zalla ya ishe shi.

Tambaya: Sana'ar POS nake yi a Kano. Wai har takardar rasit tana da illa?

Amsa: Malam, da yawa daga cikinsu ana shafe su da BPA ko ɗan'uwansa BPS, domin su ne ke fito da rubutun idan na'urar ta ɗumama takardar. Yana iya ratsa fata, musamman in hannu na da maiƙo ko ka shafa sanitaiza. Ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, ka daina riƙe rasit da leɓe, kada kuma yara su yi wasa da shi.

Tambaya: Ina dafa alale a leda, kuma fiya wata muke sha a gida. Muna cikin haɗari? Daga wata uwargida a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, ledar ƙulli da ta fiya wata galibi ba da BPA ake yin su ba, don haka ki kwantar da hankali ta wannan fuska. Amma ban yarda da tafasa abinci a leda ba. Zafi da mai su ne ke janyo sinadaran roba su koma cikin abinci, alale kuwa ya haɗa duka biyun. Ki koma ganye ko ƙananan kwanonin silba. Haka kokon safe da ake ƙullowa da tururinsa, a tura yaro da kwano mai murfi. Inda BPA ya fi ɓuya shi ne rufin cikin gwangwani, kamar na tumatir da kifi, da wasu manyan gorunan ruwa na ofis. In kin buɗe gwangwani ki juye ragowar a kwalba, ruwa kuma kada a jibge shi a rana.

Tambaya: Wanda ya riga ya shiga jiki fa, akwai maganin wanke shi?

Amsa: Kada ka kashe kuɗinka, Malam. Hanta na sarrafa shi, mafi yawansa kuma yana fita ta fitsari cikin kwana ɗaya. Matsalar ita ce kullum muna ƙara wani, don haka da zarar ka rage hanyoyin shigarsa, yawansa a jikinka zai sauka cikin 'yan kwanaki.