Zuba kuɗi a dunƙule kan bashin gida

Ɗan'uwa, ka ce adashenku na nan Yamai ya fito maka da sefa miliyan 1, kana tambaya ko ka zuba shi kan bashin gidan da banki ke cira daga albashinka. Ni dai ina ganin ka zuba, musamman tunda bashin sabo ne. Ana lissafa kuɗin ruwa ne kan abin da ya rage na uwar kuɗi, kuma a shekarun farko ruwan ne ke cinye kaso mai tsoka na biyan wata. A ce ruwan 9 cikin 100 ne: miliyan ɗin nan zai rage maka kusan sefa 90,000 a shekara.

Amma kafin ka kai kuɗin, ɗauko takardar yarjejeniya ka duba ko akwai tarar biya kafin lokaci, da nawa ce. Ka rubuta musu cewa uwar kuɗi kake son ragewa, ka nemi a taƙaita shekarun biya maimakon a rage na wata, don nan ribar ta fi. Su ba ka sabon jadawalin biya a hannu.

Don Allah kar ka zuba duka. Ware na komawar yara makaranta a Oktoba da na asibiti, domin abin da ya shiga bashi ba ya fitowa.