Hukuncin Sanya Maganin Hana Lalacewa a Kilishin Leda

Tambaya: Malam, sana'ata kilishi, ina ƙulla shi a leda ina aikawa Legas da Fatakwal. Da damina yakan yi fumfuna kafin ya isa. An ba ni shawarar in riƙa sa nisin ko khal, wai ba sinadarin kamfani ba ne. Ya halatta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, Allah Ya yi wa sana'arka albarka. Adana abinci halal ne, kuma asalin abubuwa halacci ne, bisa faɗin Allah a Baƙara, aya ta 29. Gishiri da rana da kanumfarin da kake zubawa a labu ai wannan aikin suke yi tun kaka da kakanni.

Sai dai cewa abu daga tsiro ko dabba ya fito ba shi ke sa ya halatta ba. Alade ma ba a masana'anta aka ƙera shi ba. Tushe ake tambaya.

Nisin, mai lamba E234, maganin hana lalacewar abinci ne da wata ƙwayar cuta marar illa da ake samu a madara, Lactococcus lactis, take samarwa. Shi a kansa mai tsarki ne. Abin bincike shi ne abincin da aka rene ta da shi a masana'anta: in madara ce ko sukari, babu damuwa; in an haɗa da wani abu na alade ko mushe, to ka nisance shi. Malamai sun yi saɓani kan ko rikiɗewar abu tana tsarkake shi, amma ni ban ga dalilin shiga shubuha ba alhali mai shaidar halal yana kasuwa. Haka hukuncin jelatin da ake shafa wa nama. Cikin sauran magungunan hana lalacewa kuwa, laisozayim daga farin ƙwai yake, kitosan daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, kuma a mazhabar Malik dabbobin ruwa halal ne.

Khal babu ja a kansa. Muslim ya ruwaito Annabi (SAW) ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci, kuma Muktasar na Khalil ya lissafa giyar da ta koma khal cikin abubuwa masu tsarki.

Abin da ya fi damuna shi ne cutarwa. Nisin ba ya hana fumfuna. Wannan aikin wani maganin ne daban, natamaisin, mai lamba E235. Ƙarfin nisin kan ƙwayar cutar Salmonella ma kaɗan ne. Naman da bai bushe sarai ba, in aka zuƙe iskar ledarsa, yana iya zama mazaunin ƙwayar Clostridium botulinum, wadda dafinta ke kisa, wani lokaci ba tare da wari ya fallasa ta ba. Hadisin "la darara wa la dirar" (ba cuta, ba cutarwa) yana cikin Muwaɗɗa. Don haka wajibi ne ka kyautata shanya da gashi, ka zaɓi tunkuza marar fumfuna, ka tsaya kan ma'aunin da NAFDAC ta amince da shi.

Zuba khal ko yaji don ɓoye naman da ya fara ɓaci haram ne, algus ne, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Rubuta duk abin da ka sa a jikin ledar, musamman na ƙwai da jatan lande, domin akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗauka. Wallahu a'alam.