Amsa ga ɗan'uwan da mahaifinsa zai ba shi gida a Gyallesu

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka: Baba yana son ya ba ka gidan da yake zaune a ciki tun yana raye, kuna da 'yan'uwa a ɗaki biyu, kana so ka san ko takardar mai unguwa da shaidu ta isa, da kuma harajin da za a biya. Ni ba lauya ba ne, amma wannan magana ta taɓa gidanmu, mun kai shekara biyu muna zirga-zirga a kanta.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya ba yayarmu gidansa na Tudun Jukun bayan mijinta ya rasu ya bar ta da marayu biyar. An tara shaidu, liman ya yi addu'a, mai unguwa ya sa hannu. Kowa ya san an ba ta. Amma Baba bai tashi daga turakarsa ba, kuma shagunan ƙofar gida shi ya ci gaba da karɓar hayarsu. Da ya rasu, wasu daga cikin 'yan'uwanmu suka kai magana kotun shari'a. Alƙali bai musa takardar ba, bai ƙaryata shaidu ba. Abin da ya yi ta tambaya shi ne: marigayin ya fita ya bar mata gidan? Wa yake riƙe da makullai? Wa yake karɓar haya? Daga ƙarshe gida ya koma cikin gado. Har yau idan na tuna yadda Yaya ta fito daga kotun nan tana share hawaye da gefen hijabinta, zuciyata sai ta yi nauyi.

Abin da ya kayar da mu shi ne hauzi. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu suke bi, kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana raye kuma yana da lafiya. Duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya wuce wurin: idan mai kyauta ya mutu kafin a yi hauzi, abin ya zama gado. Mu ma mun karanta, amma ba mu taɓa kawo shi kan gidanmu ba. Kuma gidan da uba yake zaune ciki shi ya fi wuya, domin malamai sun ce sai ya kwashe kayansa ya fita, kuma kada ya dawo ya zauna kafin shekara ta cika. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa Baba, cikin ladabi, ita ce ina zai koma. Idan ba shi da niyyar tashi, gara ya ba ka wani abin da zai iya sakin sa gaba ɗaya, fili ko shago, ko a raba gidan da katanga a fitar maka da ƙofarka.

Kada kuma a jira sai jiki ya yi nauyi. Kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, kuma babu wasiyya ga magaji sai sauran magada sun yarda.

Akwai maganar da ba ka tambaya ba amma ba zan iya tsallake ta ba. Ka san hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya yi masa kyauta ya zo neman Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya zama shaida. Aka tambaye shi ko duk 'ya'yansa ya yi wa haka, ya ce a'a, sai aka umarce shi da ya ji tsoron Allah ya yi adalci tsakanin 'ya'yansa. Idan Baba yana da dalili, kamar a ce kai ka gina rabin gidan da kuɗinka, to ya faɗa da bakinsa a gaban kowa, har da 'yan'uwanka mata da ke gidajen aurensu da iyayenku mata. Kyautar ɓoye ce take haifar da gabar 'yan ubanci. Ni a ganina, in za su yarda su sa hannu a matsayin shaidu, wannan ya fi kowane hatimi amfani gare ka.

Sai ɓangaren gwamnati. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne bisa amana, abin da muke da shi haƙƙin zama ne. Idan gidan yana da C of O, wato takardar shaidar haƙƙin zama da gwamnati take bayarwa, sashe na 22 ya ce ba a mayar da shi ga wani, ko da ɗan cikinka ne, sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi ba tare da bin dokar ba bai inganta ba. A jihar Kaduna hukumar KADGIS ce take wannan aiki. Lauya zai rubuta muku takardar kyauta, Baba ya sa hannu da shaidu, a nemi amincewa, a buga hatimi, a yi rajista da sunanka. Idan kuwa babu C of O, kamar gidaje da dama a cikin birni, ku fara tabbatar da cewa gidan na Baba ne shi kaɗai. Gidan gado da ba a raba ba, su Baffa da Gwaggo suna da haƙƙi a ciki, kuma mutum ba ya kyautar abin da ba nasa ba. Takardar mai unguwa da ta hakimi suna da amfani wajen shaida, amma banki ba zai karɓe su jingina ba.

Haraji bai kai yadda mutane suke tsoro ba. Nijeriya ba ta da harajin gado irin na Ingila. Abin da za ku tanada shi ne kuɗin hatimi, wanda tsakanin mutum da mutum hukumar tara haraji ta jiha ake biya, da kuɗin amincewa da rajista, da ladan lauya, sannan duk bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara da ya taru a kan gidan sai an biya. Za a kuma nemi takardar shaidar biyan haraji. Sabuwar dokar haraji ta fara aiki a Janairun 2026, don haka ku karɓi lissafi a rubuce daga ofis, ku biya ta banki, ku adana rasit. In ka sa 'yan haya, kuɗin hayar ya shiga cikin kuɗin shigarka da ake yi wa haraji.

Wani zai ba ku shawarar a rubuta kamar sayar maka aka yi. Kada ku yarda. Ƙarya ce a takarda, tana iya jawo wa Baba harajin ribar sayarwa a kan kuɗin da bai gani ba, kuma ranar da aka tambaye ka a kotu ta ina ka biya, ba ka da amsa.

Mu dai daga baya mu uku da muke ɗaki ɗaya muka bar wa Yaya kasonmu, aka yi wa gidan kuɗi, muka yi karo-karo muka biya sauran. Tana ciki yanzu da yaranta, takardun kuma da sunanta. Ka gaida Baba, Allah Ya ƙara masa lafiya.