Ku Tambayi Kawu: Wata huɗu ina karatu, in na ɗauki biro sai kaina ya kulle

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, ya gida ya iyali. Ni matashi ne daga Gadarif, iktisad, wato tattalin arziki, na karanta a jami'a kuma na gama khidma wataniyya, wato bautar ƙasa. Ina shirin jarrabawar rubutu ta shiga aikin gwamnati duk ranar da Lajnatul Ikhtiyar, hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, ta fitar da sanarwa. Wlh wata huɗu kenan ina karatu, da rana ina riƙe wa baffana lissafi a kasuwar hatsi, da dare in kwanta da waya ina bin tambayoyin da ake turowa a gurup ɗin WhatsApp har barci ya kwashe ni, to jiya abokina ya ce in rubuta masa shafi ɗaya kan tattalin arzikin Sudan, layi biyar na yi na tsaya. Kuma abokai sai cewa suke in daina wahalar da kaina, wai mara wasta, wato wanda ba shi da mai tsaya masa a sama, ko ya ci ba a ɗaukarsa. Mene ne shawara? Ɗanka daga Gadarif.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Abokin nan naka da ya miƙa maka biro ka saya masa jabana ta gahawa, don ya yi maka abin da gurup bai yi maka ba a wata huɗu. Abin da kake yi da dare kallon karatu ne, ido yana wucewa a kai kana cewa ai na san wannan, na san wancan, amma ranar imtihan takarda fara za a ajiye maka da agogo a bango, ba wanda zai tambayi abin da idonka ya gani.

Ni ma na taɓa cin wannan tuwon. Shekarun baya na shiga wata jarrabawar rubutu, tambayar farko ta zo daidai inda na fi ƙarfi, sai na zauna ina ƙawata mukaddima kamar mai huɗubar Juma'a, ina ɗaga kai rabin lokaci ya tafi ga tambaya uku suna jirana, yatsuna kuma sun sage don na daɗe ban yi dogon rubutu ba. Ban ci ba. Kuma ba sani ne ya gaza ba.

Don haka daga gobe ka sayi littafin rubutu mai kauri, bayan asuba kafin ka tafi kasuwa ka saita minti talatin a waya, ka kife ta, ka rubuta shafi ɗaya da rabi kan maudu'i ɗaya. Minti biyar na farko kar ka rubuta jimla ko ɗaya, ka jera maki uku ko huɗu a gefen takarda tukuna. Kuma ka fara da abin da ke gabanka, kai da kake wuni cikin buhunan riɗi da dawa a Gadarif ai bai kamata a ce tattalin arziki ya gagare ka ba. Rubuta yadda riɗi ke tashi daga gona ya bi ta hannun dillali har ya kai Bur Sudan, ina kuɗin ke maƙalewa, me ya sa manomi ke sayarwa da arha lokacin kaka. Gobe ka ɗauki ƙaro, jibi zinariya, gata abin da ya sami baitulmali da Sudan ta Kudu ta balle ranar 9 ga Yuli 2011 ta tafi da mafi yawan rijiyoyin mai.

Sai maganar Larabci, nan ne zan daɗe don nan yaranmu ke zubar da maki ba su sani ba. A gida Hausa, a kasuwa darija, wato Larabcin titi, a takarda kuma fusha, wato Larabcin littafi, ake so, to hannu yakan bi baki. Sai ka ga yaro ya rubuta "ma fi" ko "hassa" a tsakiyar makala. Wanda ya fi ban haushi shi ne ƙaf da gain, saboda yadda ake furta su a nan mutum sai ya so rubuta istiƙlal, 'yancin kai, ya ɓuge da istiglal, wato ci da gumin wani, ka ga kenan ya ce Sudan ta samu ci da gumi ranar 1 ga Janairu 1956. Haka zal da zayi, haka sa mai ɗigo uku da sin. Ka koma kan hamza, da ta marbuɗa, da inna da kana, da ƙa'idar adadi wadda daga uku zuwa goma lamba ke saɓa wa abin da ake ƙirgawa a jinsi. In ka yi khalwa, wato makarantar allo, kana yaro kana da jari babba, wanda ya wanke allo ya san zaman harafi. Ka nemi malamin Larabci na sakandare a unguwarku ya riƙa bi maka da jan biro ko sau ɗaya a mako, kar ka ji kunya, gara shi ya ga kuskuren da mai gyaran jarrabawa ya gani.

Ma'alumat amma kuma, wato sanin ƙasa da duniya, kar ka haddace su warwatse kamar tsakuwa. Ɗaure su da igiya ɗaya. Misali ka bi ruwa: madatsar Sinnar 1925 ita ta haifi aikin noman Jazira, yarjejeniyar ruwan Nilu ta 1959 ta ba Sudan kubik mita biliyan 18.5 Masar 55.5, sai madatsar Rusairis 1966, sai ta Marawi 2009. Ko ka bi sulhu, Addis Ababa 1972, Naibasha 2005, har zuwa rabuwa. In ka riƙe su haka ko tambaya ta zo a karkace za ka sami bakin zaren. Ka kuma leƙa dokar aikin gwamnati ta 2007 ko sau ɗaya, abin kunya ne mai neman shiga daraja ta tara, matakin da ake ɗaukar mai digiri, bai san haƙƙi da wajibin ma'aikaci ba. Tambayoyin gurup ba haram ba ne amma da yawa amsoshinsu kuskure ne wani ya kwafo daga wani, duk wadda za ka haddace ka tabbatar da ita a littafi.

Batun wasta, ba zan ce maka duniya ta gyaru ba. Sai dai masu faɗa maka haka a gindin mai shayi, tambaye su nawa ne a cikinsu suka taɓa zama suka cika takardar. Wanda bai tsallake rubutu ba ai ko mu'ayana, wato intabiyu, ba zai gani ba balle ya san ko an zalunce shi.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni matar aure ce, yaƙi ya dawo da mu Kasala daga Khartum, ina da goyo. Turancina ne ya mutu murus tun da na bar makaranta, kuma ance yana fitowa a jarrabawar shiga aikin gwamnati. In haƙura ne? 'Yarka a Kasala.

AMSA: A'a 'yata, kar ki haƙura, kuma ba ke kaɗai ba ce, tun da aka mayar da karatun jami'o'i Larabci a 1990 yawancin waɗanda za ki zauna da su a zauren haka nasu Turancin yake. Fara da karanta sanarwar aikin da kyau ki ga me aka ce za a gwada, don ba kowane gurbi ne ke da buƙata iri ɗaya ba. Sannan ki aro littattafan Turanci na SPINE na sakandare wajen yaran maƙwabta, su kika sani, ba sai kin sayi wani abu mai tsada ba. In yaro ya yi barcin rana ki karanta sakin layi ɗaya, ki rufe, ki rubuta abin da ya ce cikin jimla uku gajeru. Gajeru fa, doguwar jimla ita ke kayar da mai raunin Turanci. Kuma tunda kun yi gudun hijira ki duba takardunki tun yanzu, shahadar jami'a da tausiƙinta, wato hatimin tantancewa, da raƙam waɗani, wato lambar ɗan ƙasa, ki ɗauki hotonsu ki tura wa wata 'yar'uwa ta ajiye miki, asalin kuma ki sa a leda ki ɗaga sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.