Lambar tabarau ɗaya, amma bayan ido ba ɗaya ba

Malam, ka ce kai da mahaifinka duk ba kwa hangen nesa, tabaranku duka -8, amma hoton OCT (hoton cikin ido da ake ɗauka da na'ura) ya nuna makularsa ta lanƙwashe, taka kuwa lafiya lau. Ba abin mamaki ba ne.

Makula ita ce tsakiyar tantanin gani da ke bayan ido, da ita ake karatu da gane fuska. Idon da ke lafiya tsawonsa kusan milimita 24 ne, irin naku kan wuce 26. A wurin matashi, idon ya yi tsawo amma bayansa na nan sumul. Shekaru na tafiya, farin ɓawon ido na ƙara sirancewa, sai wani wuri ya bulluƙo baya kamar aljihu, abin da likitoci ke kira stafiloma. Makula ta bi wannan ramin, jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashinta su ragu, wani lokaci tantanin ya rabu gida biyu. A wasu mutanen ma, makular tudu take yi.

Lambar tabarau ba ta nuna wannan, aikin leza na gyaran gani ma ba ya rage tsawon ido. Ku riƙa zuwa awo duk shekara. In Baba ya ga miƙaƙƙen layi ya karkace, ko duhu a tsakiyar gani, a kai shi asibitin ido ba tare da jinkiri ba.