Tambaya da Amsa: Ina so in yi kyauta ga maigidana mai ɗaukar bidiyo, in sayi memori mai tera 1 ɗin nan mai araha?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Maigidana mai ɗaukar bidiyon biki ne a nan Zariya, wani lokaci kuma akan kira shi lokeshan. Ƙarshen watan nan ni ce da kwasar adashi, naira 150,000, kuma ina so in yi masa kyautar ba-zata da abin da zai amfane shi a sana'arsa, don ya yi mini hidima sosai da na haihu. Akwai wata a zaurenmu na WhatsApp da ke sayar da memori mai tera 1 a kan naira 12,000. Ta ce daga Chana ake kawo mata kai tsaye, shi ya sa yake da sauƙi, har ta turo hoton yadda ya nuna a wayarta. Na so in sayi biyu, ragowar kuɗin in saya masa ƙaramin jirgin nan marar matuƙi. Amma gabana yana ta faɗuwa, don na taɓa jin yana ba da labarin wani abokin aikinsa da bidiyon biki guda ya ɓace masa, har magana ta kai gaban 'yan sanda. Ina tsoron kada kyautata ta jawo masa jin kunya. Me zan saya? — Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya raya abin da kika haifa, ya saka miki da alheri a kan wannan niyya. Faɗuwar gaban nan taki a kan hanya take, 'yar'uwa. Kada ki sayi memorin nan, ko da kyauta ta ce za ta ba ki kada ki kai shi gidanki.

Bari in fara sallamar jirgin, don maganarsa gajera ce. Wanda za a samu da ragowar kuɗin nan na wasan yara ne, hotonsa ba ya shiga aikin da mutum zai karɓi kuɗi a kansa. Ko da na ƙwarai ne, tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta sanar cewa ba a tashinsa sai da izininta da kuma na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Neman takardun nan kaɗai ya isa ya gajiyar da ƙaramin mai sana'a, kuma na daɗe ina ganin ya kamata a sassauta wa masu ɗaukar biki. Amma kafin a sassauta, ku a Zariya kuke, ga filin jirgin kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ga barikin horar da kuratan soja. Ba garin da za a tashi abu sama da ka ba ne.

Yanzu memori. Kusan kullum sai an shigo mini da irinsa wajen tace hoto, kuma duk mai kawowa magana ɗaya ce a bakinsa: "Ai na sa shi a waya, ya nuna tera ɗaya cif." Wannan gwajin ba shi da amfani ko kaɗan. Waya ba ta auna cikin memori, abin da ya faɗa mata shi take nuna miki. Akwai ɗan ƙwaƙwalwa a cikin kowane katin memori da ke gaya wa waya ko kyamara girmansa, to ita masu jabu suke sauya wa lissafi. Sai su ɗauko kati mai giga 8 ko 16 ko 32, su sa shi ya riƙa cewa shi tera 1 ne, wato giga 1,000, su buga masa tambarin SanDisk ko Samsung, su sa a kwali mai ƙyalli. Ki tura masa waƙoƙi da hotunan suna, za su buɗe lafiya lau, domin ba ki kai ƙarshen ainihin cikinsa ba. Hoton da matar nan ta turo miki, iyakar abin da ya tabbatar shi ne katin ya iya faɗin ƙarya.

Ga yadda abin yake faruwa ranar aiki. Kyamarar da ke ɗaukar bidiyo mai kaifin hoto, wato 4K, a kan megabit 100 a daƙiƙa tana cin kimanin giga 45 a awa guda. Idan ainihin katin giga 16 ne, cikin minti 20 da 'yan kai ya cika. Idan 32 ne, bai kai minti 45 ba. Amma kyamara ba za ta tsaya ba. Jar alamar nan tana nan tana ƙyaftawa, lissafin gefe yana nuna saura awanni da yawa, maigidanki yana ta kai-komo cikin rana da gumi, ya ɗauki ɗaurin aure, ya ɗauki kamu, ya ɗauki kai amarya da kukan mahaifiyarta a bakin ƙofa. Duk abin da ya biyo bayan cikar katin, ko dai ya hau kan na farko ya goge shi, ko kuma bai sauka ko'ina ba, kamar mai ɗura ruwa a tulun da ya riga ya cika, yana ta zubawa ruwan yana bin ƙasa. Sai ya koma gida da daddare ya sa a kwamfuta. Zai ga sunayen bidiyon a jere, kowanne da girmansa da lokacin da aka ɗauke shi, ko ɗaya bai ɓata ba. Ya danna na farko ya ƙi buɗewa, ya danna na goma ya ƙi. Wani ya buɗe da baƙin allo, wani ya yi daƙiƙa biyu ya tsaya. Na ga magidanta sun yi zugum a gaban kwamfuta a irin wannan dare, sun kasa ko ɗaga wayar uwar amarya.

A fim, in hoto ya lalace, furodusa zai yi faɗa, a yi asarar kuɗin lokeshan, a sake kiran 'yan wasa a sake ɗauka. Biki ba a sake shi. Ba wanda zai sake tara dangin da suka zo daga Maraɗi da Jos don memori ya ci amana, kuma a garin da kowa ya san kowa, biki ɗaya ya isa ya rufe wa mutum kasuwa. Labarin abokin aikin maigidanki da kika ji, ban ga katinsa ba, amma irin wannan hanyar ce take kai mutane caji ofis.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ke biyo baya. Mutum yana cikin tashin hankali sai ya faɗa hannun masu cewa suna dawo da abin da ya goge. Wani ya ce bairos ne, a kawo kuɗi ya wanke. Wani ya ce kyamarar ce ta tsufa. Wani ya karɓi kati ya riƙe mako guda, ya dawo da tarkacen da ba ya buɗewa, ya ce a cika masa kuɗin aiki. Gaskiya ne akwai manhajojin da ke dawo da bidiyon da aka goge bisa kuskure daga katin ƙwarai, muddin ba a ɗauki wani abu a kansa ba. Amma abin da tun farko bai sauka a kati ba, wace manhaja ce za ta dawo da shi? Daga ina? Duk wanda ya san aikin nan ya san haka, wanda kuma ya karɓi kuɗi alhali ya sani, ya ci haram. Mafi muni a cikinsu shi ne mai cewa a yi wa katin fomatin zai gyaru. Ana yin fomatin sai katin ya koma fes, ya sake nuna tera 1, mai shi ya saki jiki ya tafi da shi biki na gaba.

Maganar "kai tsaye daga Chana" ma ki ajiye ta. Kaya masu kyau da yawa a can ake ƙera su, ba ƙasar ce matsalar ba, lissafin ne ba ya fita. Katin gaskiya mai tera 1 bai ma shigo kasuwa ba sai 2019, kuma har gobe kuɗinsa zai lashe mafi yawan adashinki, in ma ya isa. Babu wata hanyar sari da za ta mayar da shi naira 12,000. Hausawa sun gama magana da suka ce araha ba ta ado.

Gwaji ɗaya ne na yarda da shi: a cika katin taf, sannan a karanto abin da aka zuba a ga ko ya dawo daidai. Akwai manhaja kyauta mai suna H2testw da ke yin haka a kwamfuta mai Windows, masu Mac kuma suna da F3. Tana ɗaukar lokaci, babban kati yakan ci awanni, amma a ƙarshe za ta faɗi ainihin girmansa da saurinsa. Ki lura da wani abu da ke rikita mutane: katin ƙwarai mai giga 128 yakan nuna kimanin 119 a kwamfuta, mai 64 ya nuna 59 da ɗoriya. Bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da kwamfuta, ba cuta ba ce. Na sha ganin wanda ya mayar da katin gaskiya don ya nuna 119, ya rungumi na jabu.

To me za ki saya? Ni da za ki bi tawa, memorin dai za ki saya, amma na ƙwarai, mai giga 128, guda biyu. Ko da tera 1 na gaskiya ne ba na son a zuba biki guda a kati ɗaya. A raba, kamu a wannan, dina a wancan, in ɗaya ya sami matsala ba a rasa duka ba. Ki duba jikinsa ki ga V30 ko U3, ma'ana saurin rubutunsa ba ya sauka ƙasa da megabait 30 a daƙiƙa, kuma ya wadatar da 4K na yawancin kyamarorin da ake aikin biki da su. Babbar lambar nan da ake bugawa a gaba, irin su 170MB/s, saurin kwashewa zuwa kwamfuta ce, kada mai shago ya ruɗe ki da ita. Ki je shagon da masu ɗaukar hoto suke sayen kayansu, mai mazauni da za a iya komawa gobe, ki karɓi rasit, ki yi sharaɗi da bakinki cewa za a gwada, in bai cika ba za a dawo da shi. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin wannan sharaɗi.

Ragowar kuɗin, ki duba ɓangaren sauti. Yawancin masu ɗaukar bikinmu hotonsu ya yi kyau yanzu, muryar ce har yau take ba mu kunya: ga ƙarar janareta, ga lasifikar DJ, waliyyi yana magana ba a jin ko kalma. Ƙaramin makirfo marar waya da ake maƙalawa a wuyan riga, irin na Hollyland ko Boya, yana canza aikin mutum fiye da sabon lens, kuma ana samun wanda kuɗinki zai kai. In yana da shi, to batir. Ba mai ɗaukar bidiyon da batir ya taɓa yi wa yawa a ƙasar da wuta take zuwa ta tafi yadda ta ga dama. Sai dai shi ma akwai jabunsa, mai kumbura da zafin bazara har ya maƙale a cikin kyamara, don haka a shagon da kika sayi memori za ki saye shi. In an sami 'yan canji, ki ɗora da ɗan famfon roba na hure ƙura da ƙyallen goge lens, hunturu yana zuwa zai yi miki addu'a. Lens da filta da gimbal (abin riƙe kyamara don kada hoto ya girgiza) kuwa ki bar masa ya zaɓa da kansa, kowanne yana da awo da nauyin da ya dace da kyamararsa.

Ba-zatar ma ba sai ta lalace ba. Ranar da ya bar jakarsa a gida, ki ɗauki hoton gaban kyamarar inda sunanta yake, ki zaro batir ki ɗauki lambar jikinsa, za ki ga abu kamar NP-FZ100 ko LP-E6, ki ɗauki hoton memorin da ke ciki. Su za ki nuna a shago. Ko ki kira yaron da ke riƙe masa fitila ki tambaye shi abin da ogansa yake yawan aro a wajen abokai. Abin da mutum yake aro shi ne abin da yake buƙata, kuma yaran nan sun fi kowa sani.

Ita kuma baiwar Allah mai tallar, ba zan ce da gangan take yi ba. Da yawansu su ma sayar musu aka yi, sun sa a waya sun ga tera 1 sun yarda. Amma rashin sani ba ya hana ɓarnar aukuwa, kuma masu shigo da kayan nan kwali-kwali sun san abin da ke ciki sarai. Ya zo a hadisin da Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannu cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa alhali saman a bushe yake, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. To wannan algus ɗin ba kuɗin kati kaɗai yake ci ba. Yana cin sunan da mutum ya yi shekaru yana ginawa, yana cin tarihin auren 'yar mutane, yana haɗa maƙwabta faɗa har gaban hukuma. Ku ji tsoron Allah, 'yan kasuwa, ku gwada kaya kafin ku tallata.

Ki same ta ta gefe, ba a cikin zaure ba, ki gaya mata ta ba da kati ɗaya a kai wa mai kwamfuta ya gwada da H2testw a gabanta. In ya fito jabu ta janye tallar, ta kira waɗanda suka riga suka saya su kwashe hotunansu tun katin bai cika ba. In ta ƙi yarda a gwada, to ki faɗa wa matan zauren abin da kika karanta a nan, don akwai mai shirin zuba hotunan 'ya'yanta na shekara da shekaru a cikinsa ta goge na wayarta.