Amsar Baffa kan asalin Baba Soja

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka tsinci takardar sallamar kakanka daga soja da lambar yabonsa a adakar Goggo, ka ga an rubuta "Kano" a bayan sunansa, kana tambaya ko mu Kanawa ne, kuma ko ya dace yaro ya bi diddigin asalin manyansa. Ya dace mana, amma da ladabi.

Kada "Kano" ɗin nan ta ruɗe ka. A zamanin Turawa, in mutum ya je shiga soja, akawu kan tambayi sunansa da garinsu, ya haɗa ya rubuta. Wani garin da aka ɗauke shi yake faɗa, wani inda ya zo cin rani. Da yawansu ma ba Hausawa ba ne, Hausar bariki ce ta haɗa su a rundunar da Lugga ya kafa a 1897. Akwai kuma waɗanda bauta suka tsere wa, suka ajiye sunan gida a ƙofar bariki da gangan. Shi ya sa ba a yin wannan tambaya a bainar jama'a, kada ka fama wa wani tsohon miki.

Ni na ga fuskarsa, kai ba ka gani ba. Tsagar Gobirawa gare shi, daga gefen baki ta nufi kunne, har na kan sa yatsa ina ƙirgawa yana gyangyaɗi a zaure. In Bayarabe mai sayar da atamfa ya shigo unguwa kuwa, sai sun yi ta tsiya da juna, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa ke nan. Aska ba ta rubuta ƙarya yadda alƙalamin akawu ke yi. Don haka ka karkata wajen Sabon Birni da Isa, ko ma Tsibiri a ƙasar Nijar.

Lambar yabon nan mai siffar tauraro ta yaƙin Bama ce, ba a sassaƙa mata suna ba, ba za ta kai ka ko'ina ba. Lambarsa ta soja da ke jikin takardar ita za ka riƙe. Yana cikin runduna ta 81 da aka kai Indiya ta jirgin ruwa a 1943, suka shiga dajin Kaladan na ƙasar Bama da kaya a ka, ana jefo musu abinci daga sama. Ka je da lambar sojan zuwa gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna da ofishin 'yan mazan jiya.

Amma kafin Kaduna, ka fara da Goggo, don ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ji daga bakinsa. Ka riƙa mata goro, ka zauna ƙasa, kada ka cusa mata waya a baki. Tambaye ta sunan mahaifiyarsa, da kirarin da take jin ana yi masa, da baƙin da suka zo ta'aziyyarsa daga nesa. In ta yi shiru ka ƙyale ta, ka koma wata Juma'ar.

Ka gaida mahaifiyarka.